Kano Ta Tsallake Ganuwa, Nauyinta Ya Hau Kan Ɗan Sahu

Duk mai son ganin girman Kano da idonsa, ya je ya tsaya a bakin titin Katsina, tsakanin Kurna da Rijiyar Lemo, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin. Hannun da ya nufi cikin gari cike yake dam da rawayen babura masu ƙafa uku, wato 'yan sahu, kai ka ce fari ne suka sauka a gona. Hannun da ya nufi Dawanau kuwa da sauƙi-sauƙi. A gefen kwalta jama'a ne a jere: ɗalibai da jakunkuna a baya, yaran kanti masu son buɗe shago a Kwari kafin maigida ya iso, ma'aikaciyar jinya tana ta duba agogon wayarta, wata uwa da goyo a baya da yaro riƙe a hannu. Kowa ya ɗaga yatsa yana faɗin inda za shi. “Bata!” “'Yan Kura!” “Asibitin Murtala!” Mai babur ya rage gudu, ya karkato kunne, in hanya ta zo ɗaya ya tsaya, in ba ta zo ba ya girgiza kai ya wuce. Idan la'asar ta yi sanyi sai kogin ya juya, duk wanda ya shiga da safe ya dawo ta inda ya fito.

Haka abin yake a titin Zariya daga Na'ibawa, haka yake a titin Gwarzo daga Rijiyar Zaki zuwa Kabuga, da titin Haɗeja daga Tokarawa da Yankaba, da titin Maiduguri daga Mariri da Hotoro, da hanyar Panshekara. Kano kamar tafin hannu take. Waɗannan tituna su ne yatsun, tsakiyar tafin kuwa nan ne abincin kowa yake: Kurmi, Kantin Kwari, Singa, kasuwar Sabon Gari, Ƙofar Wambai, da asibitoci da ofisoshin gwamnati. Yatsun suna ta ƙara tsawo kowace shekara, tafin yana nan inda yake.

Magabata ba haka suka yi tunanin garin ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda tarihin sarakunan Kano ya sa mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, aka soma ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta mazaunanta tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya ce mutum 30,000 ne, amma lokacin rani da fatake suka cika gari sai adadin ya kusa ninkawa. An bar gonakin ne domin in yaƙi ya zo aka rufe ƙofofi kada yunwa ta ci gari, amma sun yi wani amfanin: iyakar gari tana gaban mutane, duk wanda aka haifa ko ya ƙauro yana da inda zai kafa gida a cikin tsari. Yau al'amarin ya juya, mutane ne a gaba, tsari yana bin su a baya da ɗingishi.

Juyin ya soma ne bayan Turawa sun ci garin a 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sun kafa nasu a gabas, Nasarawa da Bompai. Layin dogo ya iso daga kudu a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin baƙi, Fagge da a da zangon fatake ce ta zama unguwa sosai, gyaɗa ta kawo kuɗi, kuɗi suka kawo mutane. Daga nan aka sami Kano biyu, birni da waje, kalmomin da har gobe suke bakinmu. A farkon shekarun 1960 an zana wa garin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, ƙarƙashin wani masanin tsara birane mai suna Trevallion. Tsarin bai kai rabin wa'adinsa ba abubuwa suka sha gabansa. A 1967 Kano ta zama hedikwatar jiha, Audu Baƙo ya zo da ayyuka, kuɗin mai suka shigo, masana'antu suka tashi a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da wanda ya biyo baya wajen 1984 suka koro mutanen karkara, na arewacin Najeriya da na Nijar, da yawansu sun zo cin rani ne suka zauna har jikoki.

To yanzu ina Kano ta tsaya? A takarda amsar a shirye take. Ƙananan hukumomi shida ne ake ɗauka cibiyar gari: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa da Tarauni, faɗinsu murabba'in kilomita 137. In aka ƙara Kumbotso da Ungogo suka zama takwas, sai faɗin ya kai murabba'in kilomita 499. Jihar baki ɗaya murabba'in kilomita 20,131 ce, wato birnin bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na ƙasar jihar ba. Wannan ita ce amsar takarda. Amma wanda ya bi titin Katsina zai ga gini bai yanke ba har Dawanau, kuma Dawanau, babbar kasuwar hatsin da ake taƙama da ita, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa take. Ta titin Haɗeja gini ya shiga ƙasar Gezawa. Ta titin Zariya ya doshi Tamburawa ta Dawakin Kudu. Ta titin Gwarzo ya wuce sabuwar jami'ar Bayero, ya wuce Janguza. Titin kewaye na gabas da na yamma, da aka yi domin manyan motoci su zagaye gari ba tare da sun shiga ba, yanzu unguwanni ne cike a hagu da damansu. Mutumin da yake kwana a Gunduwawa yana neman abinci a Singa Bakano ne ta kowace fuska, sai dai alƙaluman birni ba su san da zamansa ba.

Yadda garin yake cin ƙasa shi ne abin da ya fi damuna, domin a nan aka shuka matsalar sufuri tun kafin a sayi babur ko ɗaya. Kowa a Kano ya san awon igiya. Manomi yana da gona a bakin gari, gari ya matso, taki ya yi tsada, 'ya'ya sun girma, ko kuma ya rasu magada suna son rabo. Sai dillali ya zo da igiya da turaku, a yanka gonar fuloti-fuloti, a rubuta takardar ciniki da shaidu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu. Na taɓa tsayawa ana irin wannan awo a wata gona da ba a daɗe da girbe dawarta ba, kututturan kara suna nan a ƙasa. Mai awo ya ja igiya, ya kafa turke, ya sake ja. Da aka zo maganar hanya sai aka tsaya ana ja-in-ja, domin duk taku ɗaya da aka bar wa hanya taku ne da ba za a sayar ba. Ƙarshe aka bar abin da mota ɗaya za ta bi da ƙyar, in ta haɗu da wata sai ɗaya ta koma da baya. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar na asibiti ba, ba a bar magudanar ruwa ba. Masallaci kaɗai aka cire wa fili, shi ma wani bawan Allah ne ya saya ya bayar.

Ban ga laifin mai saye ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, fulotin gwamnati kuwa, mai takarda da titi shimfiɗaɗɗe, talaka ba ya samunsa sai a hannu na biyu ko na uku, da tsadar da ta fi ƙarfinsa. Malamin makaranta da ɗan tireda da direba da tela, awon igiya ne ya ba su rufin asiri, ya fitar da su daga haya. Ɗorayi, Sheka, Kurna, Bachirawa, Rimin Kebe, Gaida, yawancin gidajen waɗannan unguwanni ta wannan hanya suka tashi, kuma a nan ne akasarin Kanawa suke kwana. Rukunan gidajen da gwamnati ta gina a tsare, irin su Kwankwasiyya da Amana a titin Zariya da Bandirawo a titin Katsina, suna da tituna masu faɗi, amma mutum nawa ne a cikinsu in aka gwada da Ɗorayi kaɗai? Hukumar tsara birane ta KNUPDA takan iso ne bayan an gama gini an tare, ta shafa jan fenti a bango. Lungun da aka yanka da igiya kuwa ya zauna kenan, babbar mota ba za ta taɓa shiga ba. Abin da zai shiga sai mai ƙafa biyu ko mai ƙafa uku.

Ga kuma wani abu da ba a cika magana a kansa ba. Birnin Kano ba shi da shugaba guda. Ciyamomi takwas ne, kowa da iyakarsa, ga wasu huɗu ko biyar na kewaye da gari ya shigo musu ba su shirya ba. Gwamna shi ne mai birnin a aikace, alhali ƙananan hukumomi 44 ne a wuyansa, daga Doguwa har Kunci. Manyan titunan da suka shigo gari na gwamnatin tarayya ne, na ciki na jiha, lunguna na ƙaramar hukuma. Wanda ya hau babur daga Bachirawa zuwa Hotoro ya ratsa ƙananan hukumomi uku ko huɗu, babu ɗaya a cikinsu da tafiyar tasa take hannunta.

Maganar yawan jama'a kuwa, ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta Maris 2006. Ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ɗora ta a kan Legas da 'yar tazara, abin da ya jawo cacar baki mai zafi, har gwamnatin Legas ta ƙi amincewa ta fito da nata adadin na miliyan 17.5. Wannan gardama ta cinye hankalin kowa, sai muka manta da alƙaluman da suka fi shafar rayuwarmu. Ƙananan hukumomi shidan nan na cibiya an ƙirga musu mutum 2,163,225, takwas ɗin gaba ɗaya kuma 2,828,861. In aka raba, a cibiyar gari kusan mutum 15,800 ne a kowane murabba'in kilomita, a birnin gaba ɗaya kuma wajen 5,700. Kusan kashi talatin cikin ɗari na mutanen jihar suna zaune ne a kan kashi biyu da rabi na ƙasarta, tun a wancan lokacin.

Yaron da aka haifa a makon waccan ƙidaya yanzu ya isa aure. An sa ranar sabuwar ƙidaya a Mayu 2023, gwamnatin Buhari ta ɗage ta ana saura kwanaki, ba a yi ba. Saboda haka duk adadin da ake faɗa yau ƙiyasi ne. Na Majalisar Ɗinkin Duniya yana sa birnin sama da miliyan huɗu. In mutum ya ɗauki adadin 2006 ya riƙa ƙara kashi uku cikin ɗari kowace shekara har 2024, zai tashi da kusan miliyan biyar, ba tare da ya sa unguwannin da suka tsallaka Gezawa da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ba. Jama'ar da take ƙaruwa da wannan gudu tana ninka kanta ne cikin shekara ashirin da 'yan kai.

Shi ma wannan lissafin na masu kwana ne. Mai tsara sufuri kuwa masu yini ne damuwarsa. Kullum safiya motoci suna sauke mutane daga Wudil da Bichi da Kura da Minjibir da Gwarzo, masu kayan gwari da masu nono da 'yan ƙwadago da marasa lafiya. 'Yan kasuwa suna zuwa sari daga Maraɗi da Damagaram, daga Chadi da arewacin Kamaru, su cika Kwari da Singa da Dawanau. Da kaka ta wuce 'yan ci-rani su shigo, damina ta faɗi su koma. Abin da Barth ya gani a 1851, na garin da yake kumbura da rani, yana nan har yau, sai dai yanzu kullum yake kumbura da safe ya saɓe da dare. Duk waɗannan suna sauka a tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa ko Yankaba ko Rijiyar Zaki, daga nan kuma sai su ɗaga wa ɗan sahu hannu.

Waɗanda suka girma a shekarun 1980 sun san Kano ta motar hayis da tasi. Hayis tana da layinta, yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa, kuɗin sananne ne. Da tattalin arziki ya karye a ƙarshen waɗannan shekaru, kayan gyara suka yi tsada, masana'antu suka soma sallamar ma'aikata, sai acaɓa ta cike gurbi. Ta yi daidai da garin awon igiya: tana shiga kowane lungu, tana kai mutum ƙofar gida, kuma duk wanda ya rasa aiki yana iya zama ɗan acaɓa washegari. Ta zo da nata farashin, hayaƙin da yake rufe sararin Bata da yamma, da karayar da duk wanda ya leƙa asibitin ƙashi na Dala a waɗannan shekaru ya gani.

A Daidaita Sahu asalinsa ba sunan abin hawa ba ne. Shirin gyaran tarbiyya ne da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa a 2004. A 2005 aka shigo da babura masu ƙafa uku domin mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa, aka rubuta sunan shirin a jikinsu, sunan ya bi su. Shekaru suna nan a matsayin abin hawan mata da iyali. Ranar 19 ga Janairu 2013 aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a kusa da masallacin Murtala. Kwanaki kaɗan bayan nan gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a ƙananan hukumomin birni, saboda masu kai hare-hare a lokacin da babur suke amfani. Matakin tsaro ne, an ɗauke shi cikin gaggawa, kuma akwai hujjar ɗaukarsa. Sai dai ba a tanadi abin da zai ɗauki mutanen da acaɓa take ɗauka ba. 'Yan acaɓa suka sayar da babura suka koma mai ƙafa uku, masu kuɗi suka ga harka suka zuba jari, hayis ta ƙara ja da baya. Cikin shekara biyu zuwa uku, abin da aka kawo domin kai mace unguwa ya zama shi ne ƙashin bayan birni mai miliyoyin mutane. Babu wanda ya zauna ya tsara haka.

Ana yawan zagin ɗan sahu, kuma wani zagin da gaskiya: tsayawa ba sigina, juyawa a tsakiyar titi, yara ƙanana a kan sitiyari, ga ɓata-gari da suka shiga sana'ar suna ƙwacen waya. Amma ya kamata a san lissafin da yake kansa. Wata rana da azahar na hau wani daga Kabuga, matashi ne, idonsa ja saboda rana da ƙura. Muna tsaye a danja na ce masa, “Malam, ka bi a hankali mana, ba sauri nake ba.” Ya juyo ya ce, “Yallaɓai, ka yi haƙuri, wallahi har yanzu ban haɗa balas ba.” Babur ɗin ba nasa ba ne. Kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin da aka yanka, ko an samu ko ba a samu ba. Bayan balas sai mai, sai kuɗin ƙungiya, sai ɗan abin da zai ajiye saboda faci da baƙin mai. Abin da ya ragu bayan duk wannan shi ne cefanen gidansa. Wasu an ba su ne a kan su riƙa biya har babur ya zama nasu, a farashin da ya zarce na kasuwa nesa, kuma kafin su gama biya injin ya gaji. Mutumin da aka ɗora wa wannan lissafi dole ya yi rige-rigen fasinja, dole ya ɗora mutum huɗu, wani lokaci biyar. Gaggawar da muke gani a titi, balas ne yake tuƙa ta.

Ranar da Kano ta san matsayin ɗan sahu ita ce ranar da ya ajiye aiki. A Fabrairu 2021 suka tafi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum da aka sa musu ta hannun KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha. A Janairu 2022 suka sake tafiya kan kuɗin sabunta takardar izini. Wanda ya ga waɗannan kwanaki ba zai manta ba: tituna fayau, mutane ɗuu a ƙasa suna tafiya, tsofaffi suna hutawa a gindin bishiya, mata da yara a bayan a-kori-kura, kasuwa rabi a rufe. Birni mai wannan girma ya tsaya cak saboda abin hawa iri ɗaya ya tsaya. A Yuli 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda tsaro. A ƙarshen shekarar gwamnatin Abdullahi Ganduje ta fito da motocin bas na Kanawa, ta kuma sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna ta ɓangaren Haɗeja da Gwarzo, amma jama'a suka yi ca, nan da nan aka janye. Mutane sun san bas ɗin da aka kawo ba za su ɗauke su ba.

Lissafin titi ba shi da wuya. Mutum sittin da babbar bas ɗaya za ta kwashe, sai an sami adaidaita goma sha biyar kafin su tafi, in kowanne ya ɗauki huɗu. Injin goma sha biyar, hayaƙi goma sha biyar, tsayawa goma sha biyar a wurare dabam-dabam. Mai ƙafa uku gwani ne a tafiyar kilomita biyu ko uku cikin unguwa. Da aka sa shi jigilar kilomita goma sha biyar daga bakin gari zuwa tsakiya, sai ya zama mai tsada ga fasinja, mai wahala ga direba, mai cunkushe titi ga kowa. Tsadar ta fito fili bayan 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya gudu bakin gari saboda arhar fili, domin shi ne mai hawa biyu ko uku kafin ya isa wurin nema. Na san gidajen da aka cire yara daga makarantar da ake so aka mayar da su ta kusa, na san ma'aikatan da suka koma keke, da matan da suka rage zuwa awon ciki, duk saboda kuɗin mota.

Abin da gwamnatoci suka fi zuba wa kuɗi shi ne gada. Gadar Ƙofar Nasarawa, gadar ƙasa ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya, Gadar Lado, Dangi, doguwar gadar Sabon Gari, ta Hotoro, sai kuma Tal'udu da Ɗan Agundi da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko. Ba na raina su. Wanda ya san yadda Kabuga da Dangi suke a da ya san an sami sauƙi. Amma gada tana warware ƙulli ne a mahaɗa ɗaya, ta tura shi mahaɗa ta gaba. Ba ta rage yawan ababen hawa, ba ta rage wa kowa kuɗin mota, kuma mai tafiya a ƙasa sau da yawa wahala ta ƙara masa, domin tsallaka titin ya zama sai da addu'a. Wanda ya fi morar gada shi ne mai motar kansa, shi kuwa tsiraru ne a Kano.

An yi maganar jirgin ƙasa na cikin gari. A 2016 gwamnatin jiha ta sanar da yarjejeniya da wani kamfanin China a kan dala biliyan 1.85, shekaru suka shuɗe ba a ga jirgi ba. Kafin a dogara da jirgi ya kamata a dubi maƙwabta. Abuja ta buɗe nata a 2018, amma layin bai bi ta Nyanya da Mararaba inda ma'aikata suke kwana ba, ya yi ta yawo ba fasinjan kirki, aka dakatar da shi a 2020, sai a 2024 aka farfaɗo da shi. Legas ta bi wata hanyar. Ta fara kafa hukuma guda mai kula da sufurin birnin gaba ɗaya, LAMATA, sannan a Maris 2008 ta buɗe layin manyan bas daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, aka keɓe musu hannunsu a titi da babu mai shiga. Jirginta na farko, daga Marina zuwa Mile 2, bai fara ɗaukar fasinja ba sai Satumba 2023, bayan fiye da shekara goma ana gini. Duk tsawon wannan jira bas ce take ɗauke da mutane.

A ganina Kano ta fi Legas dacewa da wannan tsari. Ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, babu teku babu gulbi a tsakiya, manyan titunanta masu hannu biyu ne, kuma duk sun nufi wuri ɗaya. A keɓe wa manyan bas hannu a titin Katsina da na Zariya da na Gwarzo da na Haɗeja da na Maiduguri, su riƙa tashi a kan lokaci, da tashoshi sanannu da kuɗi sananne, da wurin zaman mata da ba za a matse su ba, tunda wannan buƙata ce ta haifi adaidaita tun farko. Keɓe hannun shi ne ginshiƙi. Bas ɗin da za ta tsaya cikin gosulo ɗaya da kowa ba ta da abin da za ta fi ɗan sahu da shi, kuma abin da ya sa sayen motoci kaɗai bai taɓa wadatarwa ba kenan. Shi kuma ɗan sahu ba korarsa za a yi ba. Dubban gidaje ne suke ci daga wannan sana'a, kuma lungunan Sheka da Rimin Kebe ba su da wani mai shiga sai shi. Aikinsa ya koma ɗauko mutum daga ƙofar gida zuwa bakin babban titi, gajeriyar tafiya, man fetur kaɗan, zuwa da yawa. In an kafa kamfanonin bas, a ba ƙungiyoyinsu hannun jari da guraben direbobi, domin duk tsarin da ya zo a matsayin abokin gabarsu zai gamu da abin da dokar hana su bin manyan tituna ta 2022 ta gamu da shi.

Lokaci kuma ba ya jira. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, da wani mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Duk ranar da suka fara aiki, ƙarin jama'a ne za su riƙa sauka a bakin gari suna neman abin da zai shigar da su ciki. Kuma a daidai wannan lokaci, a bayan Janguza, a bayan Dawanau, a gonakin da ke tsakanin Jogana da Gezawa, ana nan ana jan igiya. Hukuma ba ta da kuɗin gina wa kowa gida, amma tana da ikon da za ta riga dillali isa gonar, ta kafa turakunta a inda babban titi zai bi nan da shekara ashirin, ta biya manomi diyyarsa tun ƙasar tana gona, ta bar mutane su yanka sauran yadda suka saba. Fili mai faɗin mita talatin da za a saya yau da kuɗin gona, in aka bari aka gina shi, sai an rushe gidaje ɗaruruwa kafin a same shi.